Na Goge Masifu Daga Wasan Yayana

Assalamu alaikum Anti Ladidi. Don Allah ki agaza mini, na yi ɓarna da kyakkyawar niyya.

Ni mai buga takardu ce a wani shagon kwamfuta nan Gusau, daga safe har yamma ina gabanta, har ƙawayena na tsokanata wai da ita aka haife ni. Karatuna a aji uku na sakandare ya tsaya. Yayana Sahabi kuwa malamin jami'a ne, yana koyar da injiniyoyin gina hanya. Da aka shiga yajin aiki ya dawo gida, sai ya tattaro ɗalibansa na Gusau da Tsafe da Bungudu yana koya musu da wani wasan kwamfuta. Kowa zai gina hanya daga Tsafe zuwa 'Yandoto, kwamfuta tana jefo masa matsala, a ga wanda ya yi tanadi tun kafin ta zo.

Matsalolin ni ya ba a takarda in shigar cikin wasan. Anti, da na karanta takardar, ga abin da na gani: ambaliya ta cinye kwalbati, tifa ta kife, gobara ta tashi a ɗakin siminti. Hanyar nan fa Innarmu ke bi duk Juma'a! Ita kuma kullum faɗa take kada a ambaci mugun abu, baki yana kiransa. Sai na goge su kaf, na sa "ruwa ya sauka daidai", "direba ya iso lafiya".

To yanzu kowa cin wasan yake. Har ɗalibinsa Sabiru, mai gyangyaɗi a kujera, ya gama hanyarsa kafin la'asar. Yaya maki kawai yake dubawa, sai murna, wai dabararsa ta yi aiki. Har ya gayyato shugaban sashensu ran Litinin ya zo ya gani! In mutumin ya duba ciki, Yaya zai sha kunya. In na faɗa, wallahi ba zai ƙara ba ni amana ba. Yaya zan yi?

Mai Tausayi, Gusau

Wa alaikis salam, 'yata. Kin sa ni dariya, amma kin yi kuskure.

Ladabin harshe da Inna ta koya miki abu ne mai kyau. Sai dai tanadi daban, mugun fata daban. Ita kanta Inna ai tana sa a yaɓe rufin soro tun kafin hadari ya haɗo, ba ta kira ruwa ba. Ɗalibin da bai ga kwalbati ya karye a kwamfuta ba, a kan hanyar gaske zai fara gani, inda mutane ke bi.

Shi ma Malam Sahabi yana da nasa laifin. Ranar da mai gyangyaɗi ya ci wasa ya kamata ya bincika.

Ki same shi yau, ku biyu, da takardarsa a hannu. Ki faɗa masa yadda kika faɗa mini, ki mayar da komai kafin Litinin. Faɗansa na yini ɗaya ne, kunya gaban shugabansa kuwa za ta daɗe. In sunan hanyar ne ke damun ki, roƙe shi ya sauya mata suna.

Sannan ki ce ya ƙara matsala ɗaya a jerin, wadda bai yi wa tanadi ba: ƙanwa mai tausayi a gaban kwamfuta. Allah ya bar zumunci, ya kai Inna 'Yandoto lafiya.

Anti Ladidi