Sun Sa wa Yayana Rigar Mai Ceto, Alhali Bai Iya Ruwa Ba

Anti, don Allah ki ba ni shawara tun bakina bai jawo wa gidanmu abin da ya fi wanda muke ciki ba. Na san halina, in raina ya ɓaci ba na tauna magana, kuma wannan karon ya ɓaci har idona ya rufe.

Maganar yayana ce. Shi ya riƙe ni tun rasuwar mahaifinmu, shi ya kai ni shagon walda da na bar makaranta, shi ke kwaso min jaridu da littattafan da mutane ke mantawa a kan benci, da su na ƙarasa koyon karatu. Aikinsa yankan ciyawa a babban lambun shaƙatawa na birni, mai lilon yara da filin ƙwallo da wurin ninƙaya. Da can majalisar birni ce ke riƙe da lambun, daga baya ta ba wani kamfani kwangila, ta ce ita nata sa ido ne kawai. Anti, in wannan shi ne sa ido, to makaho ma a ba shi tuƙin mota.

Ga yadda suke yi. Kwamitin kansiloli ba ya zuwa duba lambun sai ya aiko da sanarwa. Ana gobe za su zo sai a rufe tsatsar lilo da fenti, a buɗe banɗakin da kullum yake kulle, a zuba wa ruwa magani. Sharaɗin kwangila ya ce masu ceto uku a bakin ruwa. Mutum ɗaya kawai kamfanin ya ɗauka, shi ma rabin yininsa yana ƙofa yana yanka tikiti. Ranar dubawa sai manaja ya fito da jajayen riguna daga sito, ya sa wa yayana ɗaya, ya sa wa maigadi ɗaya, ya rataya musu usur, su hau dogayen kujerun nan su harɗe. Yayana fa, wanda ko kwata zai tsallake sai ya yi addu'a! A gida dariya muke masa, matarsa har Kada take kiransa. Kansiloli su zo a motoci, su sha lemo a inuwa, su gaisa da shi, a ɗauki hoto, su tafi. Ba wanda ya taɓa cewa mai jar riga ya faɗa ruwan a gani.

Watan jiya wani saurayi ya nutse. Ɗalibi ne, sun zo da abokansa bayan sun gama jarrabawa. Mai ceton na gaske yana ƙofa. Yayana yana can bayan filin ƙwallo, ƙarar injinsa ta hana shi jin ihu, sai da ya ga mutane na gudu. Da ya iso, waɗanda suka taɓa ganinsa a jar riga suka riƙa tura shi suna cewa ai shi ne mai ceto, ya shiga mana. Ya tsaya yana kallo, me zai yi? Kafin a kira na ƙofar an makara.

Yanzu an rufe wurin ninƙayar, majalisa ta sa zaman jin bahasi mako mai zuwa, kowa na iya shiga. Manaja ya kira yayana ofis, ya ba shi kujera, abin da bai taɓa yi ba, ya ce ya faɗa wa kwamiti shi mai ceto ne, yana bakin aiki, ya ɗan zaga ne abin ya faru. Wai kuskuren mutum ɗaya ne, a yi masa faɗa a wuce wurin, kamfani zai ba shi lauya, aikinsa kuma na nan. In ya faɗi wani abu daban, ai da idonsu kansiloli suka gan shi a kan kujerar, wa zai yarda da mai yankan ciyawa?

Kuma ya amince! Matarsa na da tsohon ciki, Inna, mahaifiyarmu, na cewa a rufa asiri, ƙwai ba ya karo da dutse. Shi kuwa ya daina cin abinci, ko famfo aka buɗe sai ya tashi ya bar wurin. Na yi masa magana, na kuma san na zafafa, na ce ya zama akuyar da ke bin mahauci da ƙafarta. Ya ce in ina ƙaunarsa in ja bakina. Tun ranar ba mu haɗa ido ba.

Abin da na ƙudura shi ne ranar zaman in miƙe a tsakiyar zauren in tona komai, daga manajan har kansilolin da suka mai da duba aiki yawon shan iska. Na karanta ƙa'idojin majalisar, ɗan gari na da ikon magana. Amma in na yi, na ƙaryata yayana a bainar jama'a, aikinsa ya tafi, wataƙila ma a ce da shi aka haɗa baki. In na yi shiru, a ɗora masa ran ɗan mutane, a sake buɗe ruwan yadda yake. Uwar yaron kullum tana zuwa ƙofar lambun ta zauna. Wanne zan yi?

Ƙanin mai yankan ciyawa

Ƙanena,

Fushinka na kan hanya, amma shirinka ba ya kan hanya. In ka miƙe kana ihu, a fitar da kai ne, a ce wani mara kunya ya ta da hankalin zaure, manaja ya koma gida yana murmushi. Kai ba ka wurin, ji ka yi. Yayanka ne ya sa rigar, maganar tasa ce, daga bakinsa take da nauyi.

Ka kuma yi masa adalci. Mutumin da ya tsaya yana kallon yaro na mutuwa ba abin da zai iya, ga iyali, ga haihuwa a ƙofa, ba ragwanta ke damunsa ba, tsoro ne da ciwon zuciya. Ina jin ma ya yarda ya ɗauki laifin ne don a ransa ya riga ya hukunta kansa. Yana da nasa kason, ba zan ɓoye ba, ya sa rigar yana sane. Amma sa riga bisa umarnin mai biyansa daban, barin bakin aiki har a rasa rai daban. Na biyun ake so ya amsa, kuma ba faɗa kawai ake yi wa mai wannan laifin ba, yana iya kai shi gaban alƙali. Lauyan da aka yi masa alkawari na kamfani ne, kamfani zai kare. Aikin ma, da zarar ya furta da bakinsa cewa ya yi sakaci, ya ba su dalilin korarsa a hannu.

Ga abin da za ka yi. Fara da ba shi haƙuri a kan maganar akuya, yayanka ne, ya wuce haka a wurinka. Sannan ka kai shi wurin lauyan da ba ruwansa da kamfanin. Akwai masu taimaka wa marasa ƙarfi kyauta, ka nema tun yau, ba a fafe gora ranar tafiya. Kada ya sa hannu a komai kafin nan. Ku tafi da matarsa ta ji da kunnenta, don in ta gane inda rufin asirin zai kai mijinta, ita za ta shawo kan Inna. Ku nemi maigadin da mai ceton na ƙofa, su ma wuyansu na cikin igiyar, kuma mutum uku sun fi wuyar ƙaryatawa. Kada ka zagi majalisar gaba ɗaya. Waɗanda suka sha lemo za su so a rufe maganar, amma akwai kansilolin da ba sa cikin kwamitin, lauya ya san yadda zai kai musu.

In duk da haka ya ƙi, ka gaya masa tun a gida cewa za ka je, kada ya gan ka kwatsam. Ka nemi izinin magana, ka sassauta murya, kada ka ambaci sunansa. Ka roƙi abu biyu: a gwada kowane mai ceto a cikin ruwa kafin a sake buɗe wurin, a kuma daina sanar da ranar dubawa. Wannan ba ƙaryata kowa ba ne, kuma gwajin zai faɗi abin da ba ka faɗa ba.

Ba zan yaudare ka ba, ko ta wace hanya aka bi, da wuya aikin nan ya tsira. Ku fara neman wani. Aiki ana sake samu, amma wanda ya yarda aka ce shi ya bar ɗan mutane ya mutu, da sunan zai tsufa, da shi 'ya'yansa za su tashi. Ka faɗa masa haka, a hankali. Ka kuma kai shi asibiti, rashin cin abincin nan ba na bari ba ne.

Allah ya jiƙan yaron, ya ba mahaifiyarsa haƙuri, ya sauki matar yayanka lafiya, ya kuma daidaita tsakaninku.