Burodin Ƙetaren Gada

Pont-Ilis, farkon Oktoba

Yaya Gwenola,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kina lafiya, ke da yara da babansu.

Ranar Lahadin da ta wuce na fara tunanin barin garin nan. Erwan yana teku, jirginsu bai dawo ba, mahaifiyarsa kuma za ta zo cin abincin rana. Kin san tun da na tare, a waya nake sayayya, mota ta kawo mini har ƙofa. Ranar na ce bari in fita da ƙafata. Na tarar da layi a gidan burodin Inna Rozenn da ke unguwarmu, sai na tsallaka gada zuwa na Baba Fanch. Ɗan shago ne mai shuɗiyar ƙofa, yana ƙamshin man shanu, irin wanda jaruma ke fakewa ciki idan ruwa ya tsuge a littattafan da nake karantawa. Ina shiga hira ta tsaya. Baba Fanch ya dube ni ta saman tabarau.

"Ba ke ce matar Erwan ba, ta saman gada?"

Na ce ni ce.

"Me ya sami Rozenn?"

Na ce ban sani ba. Ya miƙo mini burodi.

A gida Mama, surukata, ta juya burodin, ta dubi tsagar bayansa, ta ce, "Wannan hannun Fanch ne." Ta cinye kifinta tas, burodin ko gutsura ba ta yi ba.

Yaya, ni na gane. Baba Fanch ya nemi Inna Rozenn suna matasa, wani ya shiga tsakani, gari ya rabu biyu, kogi a tsakiya. Ni kuma na zo na fama tsohon miki. Garin da ake gaba a kan burodi, ina zan iya? Erwan ya ce shi ko'ina aka ajiye shi daidai ne, tunda rabin rayuwarsa a ruwa take. Zaɓi nawa ne.

Ki shafa mini kan yara.

Ƙanwarki,
Solenn


Rennes, tsakiyar Oktoba

Solenn,

Muna lafiya, sai autana da ke tari. Ke kaɗai ce a duniyar nan kike sa ni neman kan sarki.

Littattafan nan sun cinye miki kai. Tsoho ya tambayi lafiyar mata, ke har kin haɗa su kin raba. Ga magana mai amfani: masu haya a ƙasan benenmu za su tashi, mai gidan ya ce zai riƙe miki zuwa ƙarshen Nuwamba. A nan ba mai juya burodinki ya duba bayansa. Shekara guda kina can, faɗa mini sunan ƙawa ɗaya.

Amma kafin ki ɗaure kaya, je ki tambayi matar. Baki gare ki.

Ki gaida Erwan idan teku ta sako shi.

Gwenola


Pont-Ilis, farkon Nuwamba

Yaya,

Ina gaisuwa. Ya jikin auta? Ki ba shi zuma da ruwan ɗumi.

Na je na tambaya. Inna Rozenn ta yi dariya har ta dafa tebur. "Fanch? Da waɗannan kunnuwan nasa? 'Yar nan, ko shi kaɗai ya rage!"

Ashe da aka buɗe babban kanti a bakin babbar hanya, mahauci ya rufe, mai takalma ya rufe. Ita da Baba Fanch suka ga in suka yi ta jan masu saye, dukansu za su bi sahu. Sai aka shirya da mutanen gari: na saman gada su saya wurinta, na ƙasa wurinsa. Litinin ta huta kowa ya je can, Laraba ya huta kowa ya zo nan. Don haka in aka ga ɗan sama a shagon ƙasa ba Litinin ba, to Rozenn ta faɗi. Ranar nan ina fita Baba Fanch ya bar mutane a tsaye, ya tsallako da garin fulawa a hannunsa yana haki. Ta ce masa, "Ban mutu ba tukuna, koma kar naka ya ƙone."

Mama kuwa ba fushi ta yi ba. Haƙoranta ne ba sa iya ɓawon Fanch. Na ji kunya, amma kaɗan na ji haushin rasa labarina.

Sai dai tsoron Baba Fanch ba banza ba ne. Gwiwoyin Inna sun gaji. Gashin burodi tana iyawa, tsayuwar sayarwa ce ta gagara, 'yarta kuma ta yi nisa. In ta rufe, tandun Baba Fanch ba zai ciyar da gari duka ba, mutane za su kama babbar hanya. Ta ce mini, "Ke da kike zaune kina karanta ƙaryar mutane, zo ki tsaya nan da safe ki ji ta gaske."

Na fara zuwa, gwaji kawai. Na san mai son nasa ya ƙone kaɗan, da tsohuwar da ke sayen rabi don ta sami dalilin dawowa da yamma. Jiya mai kifi ya kira ni "Solenn ta Rozenn", na yi kamar ban ji ba.

Ban yanke komai ba. Ki gaida kowa.

Taki,
Solenn


Rennes, ƙarshen Nuwamba

Solenn,

Auta ya warke. Mai gidan hayar yana ta kirana.

Tashin asuba cikin sanyi, ke da sai an ja bargo kike motsi? Ki yi tunani. Kuma tun da Mamanmu ta rasu ba ni da kowa a nan da zan ƙwanƙwasa wa ƙofa ba tare da na yi waya ba. Ba zan sake faɗa ba, kin san halina.

Ki ba ni amsa.

Yayarki


Pont-Ilis, Asabar

Yayata,

Ina gaishe ki. Na karanta wasiƙarki sau da yawa, na yi kuka a bayan shago. Ki yafe mini. Zan riƙa zuwa wurinki duk Litinin, a jirgin ƙasa na safe, ba kuma zan yi waya ba.

Ki ce wa mai gidan hayar ya ba wani. Ina nan.

Ƙanwarki har kullum,
Solenn