Kunnen Yazid na Hagu

Sultana, Madina

Yaya Bakri,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da kyau, da fatan kai da iyali da mutanen Kano kuna lafiya. Allah ya ƙara maka sauƙin ƙafar nan. Mu nan alhamdu lillahi, sai abu ɗaya: kunnen ɗanka Yazid na hagu ya daina ji. Jiya likita ya tabbatar mana a mustashfa, wato asibiti.

Ka tuna kaset-kaset ɗinka na tsofaffin mawaƙan rok, waɗanda ka bari a akwati da za ka koma gida? Da su ya tashi. Ka kuma san yadda muke kunna su a garin Manzo: ƙasa-ƙasa, taga a rufe, don kunyar maƙwabta. Shi a saninsa kiɗan nan mai sanyi ne. Da ya ji ɗaya daga cikin ƙungiyoyin mawaƙan za ta yi wasa a Jidda, sai ya tafi, ya kutsa har gaban lasifika don kada kalma ta wuce shi.

Ya ce mini abin da ya tarar ba na kaset ba ne. A situdiyo an tace komai, murya a gaba, ganga a bayanta. A fili kuwa muryar tsohon mawaƙin ta dushe, jama'a ke ƙarasa masa baiti, mai gita ya ja gajeriyar waƙa har ta ninka, ganga kuma a ƙirji ake jin ta. Ya ce wasan ya fi kaset rai nesa ba kusa ba, kuma bai yi nadama ba. Wannan maganar ta hana ni sukuni.

Yaya, ina tsoro. Aikinsa daidaita lasifikar masallatai ne a unguwar Ƙiblatain, da kunne yake cin abinci, iƙamarsa ma, takardar izinin zamansa, a kan aikin take. Ɗazu na kira shi daga kicin, ya waiga wajen ƙofar waje yana nemana. Kunnen dama kuma yana masa ƙara kamar ta tsohon firji.

Ba laifi nake ɗora maka ba, tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Addu'a nake roƙo. Kada Inna ta ji tukuna.

Ka gaishe mini da Murja da Ɗan'inna da 'yar auta Sundus. An gwada kunnen dama da safen nan. Sakamako bai fito ba, sun ba mu mau'idi, mu koma ranar Lahadi.

Ƙanwarka,
Fatna