Datsin Baba

Litinin, 3 ga Yuni

Ƙanena ya sake zuwa da maganar riɗi. Tun da ya koyi gyaran injin ban ruwa yake ji da kansa, har yara na ce masa Injiniya. Wai, "Yaya, kogin nan ya daina hawowa fadama. Shinkafar me za ka shuka, ta ƙura?" Na ce masa gonar Baba ba ta san wani abu ba sai shinkafa. Raina ya ɓaci, domin dai ba ƙarya ya yi ba.

Alhamis, 6 ga Yuni

Na zaga gona. Datsin ƙasar da Baba ya ɗaga da hannunsa don tare ruwa yana nan daram, sai dai babu abin da zai tare. Maƙwabcina na gabas ya koma albasa, na yamma ya jingine garma ya sayi keken ɗinki. Ni kaɗai na rage. Ke nan bana tsuntsayen duniya kaf a kaina za su sauka, ga yara duk suna makaranta, babu mai kora.

Riɗi kuma ba ya son ruwa ya kwanta masa. In za a shuka shi, sai an fasa datsin. Abin da ke hana ni sakat ke nan.

Lahadi, 9 ga Yuni

Uwar yara ta karkato min buhun abinci kawai, na ga gindinsa. Gara ma ta yi faɗa.

Juma'a, 14 ga Yuni

Na sauko da irin shinkafar Baba daga rumbu. Bara ban shuka ba, ina ta jiran ruwan da bai zo ba, iri kuwa ba ya son kwana biyu. Na ɗebi tafi guda na naɗe a jiƙaƙƙen tsumma kamar yadda yake yi, na tura bayan randa. In ya tsiro, zan tayar da inji na shuka, ko da man zai cinye ni.

Asabar, 22 ga Yuni

Na buɗe tsumman. 'Yan ƙwayoyi ne kawai suka fito da farin baki, sauran sun yi fumfuna. Ina tsugune a wurin Inna ta fito da sandarta, ta leƙa.

"Iri ya gaji," in ji ta.

Na ce, "Inna, in na fasa datsin nan, da wane ido zan tuna Baba?"

Sai ta yi dariya har da tari. Wai lokacin da aka kawo ta gidan nan, dawa ce a gonar tun daga wannan baki har wancan. Ruwa ya riƙa kwanciya yana kashe ta, shi ne Baba ya tayar da datsi ya zuba shinkafa. Kakana ya yi damina guda ba ya amsa gaisuwarsa.

"Ubanka ba shinkafa ya bi ba, ruwa ya bi. Kai kuma ka tsaya gadin ƙasa."

Na ji haushi. Har na yi furfura ba wanda ya taɓa gaya min.

Talata, 2 ga Yuli

Mun fasa. Injiniya ya miƙo hannu zai karɓi fartanya, na ce ya bari, ni zan fara sara. Ƙasar ta yi tauri kamar bulo, Baba bai yi aikin wasa ba. Na yi hawaye, na ce gumi ne.

'Yan ƙwayoyin da suka tsiro na dasa su a tsohon baho a bayan ɗaki. Uwar yara ta ce gonata ta dawo daidai ƙarfina.

Laraba, 14 ga Agusta

Riɗi ya fara fure. Ba laifi. Ban gaya wa Injiniya ba, kada kansa ya ƙara girma.

Da la'asar hadari ya haɗo baƙi ƙirin daga gabas, irin wanda a da nake fita tsakar gida ina murna da shi. Ban san lokacin da na ɗauki fartanya na yi gona ba, don na ƙara buɗe wa ruwa hanya. Ina cikin sara na ji bakina yana cewa, Allah Ka sa kada ya kwanta.

Na waiga. Ba kowa kusa, alhamdulillahi.

Sai da na dawo gida na tuna yau ban duba bahon ba.