Ginshiƙi na Uku

Daga Ilu ɗan Nata'ala a Gagarawa, zuwa ga ƙanena Cindo a Zariya. Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya kai da iyalinka. Malam Ishaƙ ne ke rubutawa, ni nake faɗa, na kuma ce masa kada ya gyara mini magana. Mu nan lafiya lau. Gero ya yi, matata Kande tana fama da ƙafa, 'yata Yelwa ta haihu namiji.

Bayan haka, ka san tsamiyar nan ta gabashin gonarmu, inda muka sa Iya. Na ce muka, amma kai ba ka zo ba, kuma ban manta ba. To, babu tsamiyar. Bara masu awon hanyar jirgin ƙasa suka zo suka kafa turaku a gonar. Sau bakwai ina tumɓukewa ina ɗaure akuya da su, sau bakwai suna mayarwa. Dagaci ya ce in na ƙara zai aika ni gaban hukuma a Gumel. Na gaya masa akwai mutum kwance a wurin, ya ce in nuna alama. Wace alama, bayan fasassun tukwanen da na jera sun daɗe da nutsewa? Ranar da aka sare tsamiyar ina tsaye. Na zaci zan yi kuka ko faɗa, sai na ji ba na jin komai, na koma gida na ci tuwo.

Yanzu tasha ce a wurin. Ɗaki biyu ne da rufin kwano mai zafi kamar tanda, da 'yar taga ta sayar da tikiti, da ƙararrawa, da tankin ruwa a kan ƙafafun ƙarfe. A gaba an yi dakalin siminti da rumfa mai ginshiƙi biyar. Mutane suna ta yabawa. Maƙwabcinmu Ubale da ya rantse zai tsaya tare da ni, shi ke share musu dakalin.

Na auna da ƙafata daga tsohuwar rijiya, taki sittin da biyu, yadda na saba. Kullum bayan asuba ina zuwa in zauna a wurin in yi mata addu'a. Akawun tashar ya ɗauka jirgi nake jira, har ya ce in yi haƙuri, sai bayan kaka zai fara ɗaukar mutane.

Cindo, idona yana rufewa, kuma ni kaɗai na san wurin. In na tafi ban nuna wa kowa ba, Iya ta ɓata ke nan. Ka zo, ko a jirgin ne, ba zan ce komai ba.

Ka gaida Murja da Rakiyya da yara duka. Kande tana gaishe ka. In ka sauko, ka bi ta hagu, kada ka taka gindin ginshiƙi na uku. Nan Iya take.

Wassalam, yayanka Ilu.