Layin da Na Goge da Hannuna

Kibiya, ranar Asabar.

Zuwa ga Yaya Halimatu Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya. Ya karatun jinya, ya zaman Zariya? Mu nan lafiya lau. Umma tana gaishe ki, Baba ma haka. An fara cire gyaɗa a gonar Fassi.

Yaya, ina da albishir, kuma kin san a takarda kawai nake iya ba da labari ba tare da in'ina ta riƙe ni ba. Makarantarmu ta Rano za ta je gasar kwamfuta a Kano, kuma da aikina za a je.

Bari in yi miki bayani. Tsofaffin kwamfutocin ɗakinmu kullum cikin lalacewa suke, kowace da halinta. Sai malaminmu, Malam Zulkifilu, ya sa musu wani tsarin tafiyar da kwamfuta, nau'in Linux, da ake kira NixOS. A cikinsa ba a bin manhajoji ɗaya bayan ɗaya ana sakawa. Fayil guda ake rubutawa, a faɗi duk abin da ake so kwamfutar ta ƙunsa: manhajojin karatu, harshe, har sunayen waɗanda za su iya shiga. Sai a ba da umarni, ta gina kanta daidai da abin da aka rubuta. Abin da ba ya cikin fayil ɗin kuwa, babu shi.

Ni na rubuta namu. Tun farkon zango nake zama lokacin tara ina gyara shi. Yanzu kwamfutocin duka sun zama iri ɗaya kamar ƙwai a faranti. Ina son ta, Yaya, domin ba ta gaggauta ni, ba ta kuma yi mini dariya.

Sharifa, 'yar ajinmu da ke kwaikwayon maganata a bakin famfo, yanzu kusa da ni take zama. Ta ce in koya mata, ina kuma koya mata. Ina ganin ta daina.

Motar Baba makaranta ta ɗauka don tafiyar. Ya riga ya gaya wa duk 'yan tasha, har sun fara kiransa Baban Injiniya.

Ki sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Afra'u.

Kibiya, ranar Laraba.

Yaya Halimatu Sa'adiya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya, jarrabawarki kuma ta zo da sauƙi. Na ga saƙonki da sabon hijabin da kika aiko don tafiyar. Na gode, Allah ya saka da alheri. Amma ban san yadda zan yi da shi ba.

Shekaranjiya Malam ya sa muka gwada bayani a gaban 'yan kulob ɗinmu na kwamfuta, kamar yadda za a yi gaban alƙalan gasa. Da na miƙe, kalmar farko ta maƙale mini. Na yi ta fama da ita. Sai na ji Sharifa daga baya tana ƙarasa mini ita, irin yadda nake yi, tana jan harafin. Ɗakin ya fashe da dariya. Malam bai hana su ba. Ya ce wannan ai sai alƙalai su yi sallar la'asar su dawo ban gama gaishe su ba.

Daga nan ya ce ba za a je da ni ba. Ya ce ai amfanin irin wannan fayil ke nan, ba ya buƙatar wanda ya rubuta shi; duk inda aka kai shi zai gina kwamfuta iri ɗaya. Gaskiya ya faɗa, Yaya. Ni da kaina na rubuta wannan bayanin a allo makon jiya.

Abin bai tsaya nan ba. Ya ce kada alƙalai su ga sunan wadda ba ta cikin tawaga, don haka a cire nawa daga fayil ɗin. Tunda ni na fi sanin wurin, ni ya sa. Na zauna suna tsaye a kaina, na goge layin da sunana ke ciki, na ba da umarnin. Sharifa ta dafa kafaɗata ta ce sannu da aiki, Injiniya.

Ban gaya wa Baba ba. Jiya na tarar da shi yana wanke mota da kansa, har ƙarƙashin kujeru. Ya nuna mini kujerar gaba ya ce tawa ce. Na buɗe baki, maganar ta ƙi fita. Ya ɗauka murna ce.

Don Allah kada ki kira shi. Zan faɗa masa da kaina.

Taki,
Afra'u.

Kibiya, ranar Lahadi.

Yaya,

Assalamu alaikum. Ina fatan kina lafiya. Ki gafarce ni da na daɗe ban rubuto ba.

Ban iya faɗa masa ba. Ranar tafiya na sa hijabinki na bi shi har ƙofar makaranta, ina tunanin ko Malam zai ji kunyar idon Baba. Bai ji ba. Da Baba ya buɗe mini ƙofar gaba, sai Malam ya ce, Malam Ishiyaku, ai ba da ita za a je ba, ba ta gaya maka ba? Sai ya juya ya ce wa 'yan matan wataƙila tana nan tana kan faɗa. Suka rufe baki da hijabi.

Baba ya dube ni. Ya riga ya yi alkawarin kai su, sai ya kai su. Sharifa ce ta zauna a gaba.

Ba zan ɓoye miki ba, na wuni ina fatan fayil ɗin ya ƙi aiki a Kano. Bai ƙi ba. An ba su kwamfutar da ba su taɓa gani ba, ta ginu tsaf. Sun zo na biyu. Baba yana tsaye bakin ƙofar zauren ya ji Sharifa tana cewa ita ta rubuta. Umma ce ta gaya mini, shi har yau bai ɗaga maganar ba. Ya daina zama a rumfar tasha, cikin mota yake jiran layinsa, domin har yanzu da sunan nan suke kiransa.

Abu ɗaya ya rage mini. Duk lokacin da aka sake gina kwamfutar, tsohon ginin ba ya ɓacewa. Idan aka kunna ta, ana iya zaɓarsa a koma. Akwai wata a ƙarshen ɗaki kusa da taga. Lokacin tara nakan kunna ta, in zaɓi ginin da ya gabata, wanda sunana ke ciki. Ba abin da nake yi. Nakan shiga ne kawai in zauna.

Ranar Alhamis Sharifa ta gan ni. Ta tsaya a bayana ta daɗe, ta yi murmushi, ta fita.

Akwai umarnin da ke share tsofaffin gine-gine don a sami wuri. Ni na koya mata shi, har na gargaɗe ta cewa abin da ya share ba ya dawowa. Washegari Malam ya yaba mata a gaban aji, ya ce ta tsabtace kwamfutocin makaranta duka ba tare da an sa ta ba.

Duk da haka na je wurin kwamfutar da ke kusa da taga. Gini ɗaya ne ya rage. Na rubuta sunana a hankali, harafi bayan harafi. Ta ƙi. Na sake, ta ƙi. Ban yi kuskure ba, Yaya, kin san a rubutu ba na yi.

Na wanke hijabin na ninke, zan ba direban Zariya ya kawo miki. Zai fi yi miki amfani.

Ki gaishe da ƙawayenki.

Ƙanwarki,
Afra'u Ishiyaku.