Kada Ki Yi Kantu da Riɗin Nan

Yaya Hauwa,

Bayan gaisuwa mai yawa, ya gida, ya ƙafar maigidanki? Mu a Keffi lafiya, sai dai hankalina a tashe yake.

Aikin kammala karatuna shi ne ƙirga sau nawa wani guntun ƙwayar halitta yake maimaita kansa a riɗin Kawu na Agwada. Duk awon da na yi, ƙirgen sai ya bambanta. Kafin in sake, aka ɗauke wuta, ganyen riɗin da nake awo da shi ya ruɓe a firij, Kawu kuma ya sayar da nasa kaf.

Irin da ya rage shi ne tsarabar da ya ba ki. Don Allah kada ki yi kantu da shi, shuka shi zan yi in samu sabon ganyen awo. In kuwa kin riga kin soya, kar ki ɓoye mini.

A gaida yara, a sa ni a addu'a.

Ƙanwarki,
Rabi